Yawon Neman Aiki a Ƙasashen Waje: Kada Mu Yi wa Rogo Kallon Kitse

A 'yan shekarun nan wata magana ta samu gindin zama a ɗakunan kwanan ɗalibai da teburan mai shayi na jami'o'inmu, har ma da ofisoshin da yayyenmu suka fara aiki. Maganar kuwa ita ce, tun da dai takardar digiri ta daina buɗe ƙofa, kuma wanda ya samu aikin ma albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, to, me zai hana saurayi ya nemi jakar goyo da ɗan tanti da takalmin tafiya, ya shiga duniya? Ya kwana inda dare ya yi masa, ya taka da ƙafa inda kuɗin mota ya gagara, ya yi ƙwadago a gonar da ya tarar, har Allah ya haɗa shi da aikin da zai zauna a kai. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da samarin Turai waɗanda hotunansu suka cika mana wayoyi, ga su nan bisa duwatsu, ga su a bakin tafki suna dafa shayi a gwangwani, suna ba da labarin yadda suka ratsa ƙasa da ƙasa da guzurin da bai taka kara ya karya ba.

Mu ba ma cikin masu ƙyamar tafiya. Al'ummar da ta ce tafiya mabuɗin ilmi, ta kuma kafa zanguna tun daga Gwanja har bakin Bahar Maliya, ba za ta haifi 'ya'yan da ke tsoron hanya ba. Amma muna ganin wajibi ne wannan mujalla ta gaya wa 'yan'uwa ɗalibai cewa hoton nan da suke gani gaskiya ne, sai dai bai nuna shimfiɗar da saurayin yake tsaye a kanta ba. Shimfiɗar kuwa gwamnatoci ne suka yi masa ita da dokoki da yarjejeniyoyi, kuma da aka zo yin ta ba a sa sunanmu ba.

Bari mu ɗauki ƙasar Ostareliya, domin ita ce alƙiblar masu irin wannan yawo. Tun 1975 ƙasar take da wata biza ta musamman wadda ke ba saurayi ko budurwa damar shiga ya yi shekara guda yana yawon buɗe ido, yana kuma yin aiki don ya ciyar da kansa. Da aka fara, samarin Ingila da Ailan da Kanada kaɗai aka buɗe wa, daga baya aka yi ta ƙara ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, kowace da yarjejeniyarta. Sharaɗin shekaru shi ne daga 18 zuwa 30, wasu ƙasashen kuma har 35. A 2005 aka ƙara cewa duk wanda ya yi aikin wata uku, watau kwana 88, a gonaki ko makamantansu a yankunan karkara, za a ba shi shekara ta biyu, a 2019 kuma aka ƙara ta uku ga wanda ya yi wata shida. Saboda haka saurayin da muke gani ya kafa tanti a gefen gonar inabi ko ta mangwaro yana da takardar izinin aiki a aljihu tun kafin ya baro gida. In mai gona ya cuce shi akwai hukumar da zai kai ƙara, in ya karye a kan dutse akwai inshorar da za ta biya asibiti, in kuma abin ya ishe shi, ga hanyar gida a buɗe. Nijeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake ba wannan biza, Nijar ma haka.

Ko da a ce muna ciki, kalmar nan ta "araha" tana buƙatar a duba ta da kyau. Ana son mai neman bizar ya nuna yana da kimanin dalar Ostareliya 5,000 a ajiye, ban da kuɗin jirgin komawa. A canjin 2024, bayan da aka saki naira a kasuwa a Yunin 2023 har dalar Amurka ta haura naira 1,500, wannan kuɗi ya doshi naira miliyan biyar. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Nijeriya a Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: ƙaramin ma'aikaci zai yi kusan shekara shida yana tara albashinsa kaf, bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, kafin ya kai matsayin da ɗan Bature yake kira talauci. Ashe abin da su suke kira tafiyar marasa hali, mu a nan tafiyar 'ya'yan attajirai ce.

Kada kuma a ɗauka su ɗin ma a kan katifa suke kwance. A 2016 hukumar kula da haƙƙin ma'aikata ta Ostareliya ta fitar da rahoton bincike a kan masu wannan biza, inda ta gano ana biyan da yawansu ƙasa da abin da doka ta tanada, wasu ba a biyansu sam, wasu ma su ne suke biyan mai gona domin ya sa musu hannu a takardar kwana 88 ɗin nan. Dalilin a fili yake: duk wanda zamansa a ƙasa ya rataya ga sa hannun ubangidansa, to, bakinsa a ɗaure yake. In haka ta samu mai fasfon Jamus ko na Faransa wanda doka take bayansa, ina ga wanda ya shiga da bizar ziyara ya ɓuya a gona?

Akwai wani abin da ya kamata ya yi mana ciwo. Har zuwa 2008 Ingila tana da irin wannan tsari ga samarin ƙasashen da ta rena, wanda ke ba su damar zaman shekara biyu suna yawo suna ɗan aiki, kuma a takarda Nijeriya tana ciki. A shekarar aka rushe shi aka kawo wani sabo, wanda aka taƙaita ga 'yan ƙasashe kaɗan, irin su Ostareliya da Kanada da Japan. Aka rufe mana ƙofa, muka wayi gari kamar ba a yi ba.

A cikin nahiyar Turai kuwa shimfiɗar ta fi haka kauri. Ɗan ƙasar da ke cikin Tarayyar Turai yana da 'yancin neman aiki a kowace ƙasa ta tarayyar ba tare da biza ba. Tun 1972 akwai tikitin jirgin ƙasa guda ɗaya da saurayi zai saya ya zaga ƙasashe da shi. Gidajen saukar samari masu rahusa wani malamin makaranta Bajamushe mai suna Richard Schirrmann ne ya faro tunaninsu a 1909, saboda yana fita tattaki da ɗalibansa suna rasa wurin kwana, yau kuma sun bazu ko'ina. Kai, hatta kwanan dajin ma doka ce ta halatta shi. A ƙasar Norwe dokar 1957 ta ba kowa izinin ya kafa tanti a filin da ba a nomawa har kwana biyu, muddin ya nisanci gidan mutane da mita 150. Sikotilan ta yi tata dokar a 2003. Mu kuwa in za mu shiga yankin, sai mun nemi bizar ziyara wadda iyakarta kwana 90, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 a Yunin 2024 kuma ba a mayarwa in an hana, sai mun nuna inshorar lafiya ta Yuro 30,000 da shaidar masauki da ta komawa. Ita wannan biza kuma ba ta halatta aiki ko na yini ɗaya. Watau aiki guda ne, tafiya guda, tanti guda, amma in ɗansu ya yi sunansa mai yawon buɗe ido, in namu ya yi sunansa baƙon haure.

Yanzu bari mu juya ga wani misali da ba a cika ambata ba, wanda a ganinmu ya fi kowanne darasi. A Jamus har yau akwai wata tsohuwar al'ada ta masu sana'ar hannu, musamman kafintoci da magina. Yaro in ya gama koyon sana'a ya ci jarrabawa, yakan fita yawo na shekara uku da kwana ɗaya, da baƙar malfa da sanda da ɗan ƙunshin kaya. Sharuɗɗan suna da tsanani: ya kasance bai kai shekara 30 ba, ba shi da aure, ba shi da bashi, kuma a tsawon lokacin ba zai kusanci garinsu da kilomita 50 ba. Ba ya biyan kuɗin mota, sai dai ya taka ko a rage masa hanya. Yana ɗauke da littafi wanda hukumar kowane gari take buga masa hatimi, masu gidan da ya yi wa aiki kuma su rubuta shaidarsu a ciki. Abin lura a nan shi ne, wannan matafiyi ba ya fita sai da sana'a a hannu, kuma ba ya fita sai a ƙarƙashin ƙungiyar da ta san shi, wadda sunanta zai ɓaci in ya yi abin kunya.

Duk wanda ya san tarihinmu zai ga wannan bai yi nisa da abin da kakanninmu suka yi ba. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, mahajjaci yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Damagaram a ƙasa, ya bi ta Barno, ya ƙetare zuwa Fort Lami wadda ake kira Injamena yanzu, ya wuce Abeshe, ya shiga Darfur ta Jinaina, ya bi Alfashir da Al'ubayyid har ya kai Kogin Nilu, daga nan ya nufi Sawakin ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, domin in guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi aiki. Bayan da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, dubban mutanenmu sun yi ƙwadago a can, wasu suka tara na gaba suka wuce, wasu kuma suka zauna har jikokinsu suka zama 'yan Sudan. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da jama'ar da suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903, ya zama matattara ga masu wucewa. Haka fataken goro da suke zuwa Salaga: ayari yana da madugu, yana da jagaba wanda ya san rijiyoyi da mashigai, kowane zango kuma akwai mai masauki wanda zai ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in rigima ta taso. Unguwar Sabo ta Ibadan da zangunan Kumasi da Ankara da unguwar Hausawa ta Yawunde duk a kan wannan tsari suka ginu.

To, waɗannan mutane ba su san tanti ba, kuma ba su buƙace shi ba, domin sun san da ɗan gari akan ci gari. Sa'an nan kowannensu yana tafe da abin yi wanda ake buƙata a kowace kasuwa: wannan maɗinki ne, wannan wanzami, wannan mahauci ko mai gashin tsire, wannan baduku, wancan malami ne mai allo. Wanda ba shi da ko ɗaya yana da ƙarfin ɗaukar ruwa ko faskare, kuma ba ya jin kunyar yi.

A nan ne ya kamata mu 'yan boko mu dubi kanmu. Ɗalibin da ya yi shekara huɗu yana karanta kimiyyar siyasa ko nazarin zaman jama'a, in aka sauke shi a tashar Kumasi ko ta Dakar, me zai ciro daga jakarsa ya sayar? Takardar digirinsa sai an tantance ta kafin a dube ta, kuma ƙasar da ya je tana da nata 'ya'yan masu irin takardar suna zaune. Faransanci ba ya ji, alhali in ka ɗebe Gana da Gambiya da Laberiya da Saliyo, yawancin maƙwabtanmu da shi suke aiki. Ba ya iya ɗaure bututun ruwa, ba ya iya haɗa wutar hasken rana, ba ya iya gyaran babur. Mafi muni kuma, tarbiyyar da muka samu ta koya mana cewa aikin hannu ƙasƙanci ne. Abin mamaki, saurayin da zai ji kunyar a gan shi yana tura baro a kasuwar garinsu, shi ne yake mafarkin wanke kwanuka a birnin da ba a san ubansa ba. In dai aikin ƙarfi za a yi, ai gara a koye shi a gida inda kuskure ba ya jawo kurkuku.

Za a ce mana, ai akwai 'yan Afirka da suka yi irin wannan tafiya suka ci nasara. Gaskiya ne. Olabisi Ajala ya tuƙa keke daga Shikago zuwa Los Anjalis a 1952, daga baya ya zaga ƙasashe da yawa a kan ɗan babur, har sunansa ya zama karin magana a ƙasar Yarabawa. Wani ɗan Togo mai suna Tété-Michel Kpomassie ya bar gida a 1958 yana matashi, ya yi ta aiki yana matsawa, daga Gana zuwa Senegal zuwa Faransa da Jamus da Denmak, har ya isa tsibirin Girinlan mai ƙanƙara a 1965, ya kuma rubuta littafi a kan zamansa can. Muna jinjina musu. Amma a dubi shekarun. Sun yi tafiyarsu a lokacin da masana'antun Turai suke neman hannu ido rufe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da iyakoki ba su da na'urar ɗaukar zanen yatsa, kuma ɗan ƙasar da aka rena yana iya shiga ƙasar da ta rene shi ba da wahala ba. Wannan zamani ya wuce. Mai ba saurayi labarin Kpomassie ba tare da ya gaya masa shekarar ba, ya ba shi taswirar garin da aka riga aka tashe shi.

Abin da ya rage wa wanda ya nace sai ya kai Turai ba tare da takarda ba shi ne hanyar Agadas, kuma mun san abin da ke cikinta. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su. Waɗannan ba baƙi ba ne a gare mu, harshenmu ɗaya, wasunmu ma dangi ne. A Nuwamban 2017 duniya ta ga hotunan yadda ake cinikin 'yan Afirka a Libiya kamar awaki. Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, ta soke ta a Nuwamban 2023, amma soke doka bai ƙara ko rijiya ɗaya a hamada ba. Tsohuwar hanyar gabas kuwa, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya bi ta kan garuruwan da muka lissafa ɗazu. Masu cewa wanda ba shi da aiki ba shi da abin asara, sai su je su faɗa wa uwar da aka bugo wa waya daga Sabha ana neman kuɗin fansa, ta sayar da gonar gado.

Duk da haka ba muna cewa a zauna a naɗe hannu ba. Akwai ƙofar da take buɗe gare mu, wadda abin takaici ɗalibai ƙalilan ne suka san da ita. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, in yana da takardar tafiya da katin allurar zazzaɓin shawara. Ƙarin da aka yi a 1986 ya ba da damar zama da neman aiki, bisa sharaɗin a nemi katin zama. Da fasfon Nijeriya ɗalibi zai iya hawa mota daga Legas ya bi Kwatano da Lome da Ankara har Abijan, ya ga yadda maƙwabta suke rayuwa, ya gyara Faransancinsa, ya ga tsaunukan Futa Jalo inda kogunan Senegal da Gambiya suke fitowa. Sai dai ita ma wannan ƙofa tana da ƙaya. Shingayen hanya suna da yawa, kuma kowane shinge da abin da ake nema a kai ko da takardunka sun cika. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kuma mun ga yadda aka rufe iyakarmu da Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, masu ɗan ciniki tsakanin Maraɗi da Katsina suka shiga uku. Tarihi ma yana da gargaɗinsa: a 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, Hausawa da Yarabawa da yawa suka baro dukiyarsu, a 1983 kuma gwamnatin Shagari ta kori fiye da mutum miliyan ɗaya daga Nijeriya, akasarinsu 'yan Gana. Dokar Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan kasuwanci a cikin kasuwa ga 'yan ƙasa, abin da ya jawo aka rufe shagunan 'yan Nijeriya a 2019 da 2020. Ashe ko a gidan ɗan'uwa, izinin shiga daban, izinin cin abinci daban.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne a raba abubuwa biyun nan da ake cakuɗawa. Yawon ganin duniya da ƙaramin guzuri abu ne mai kyau, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya yi shi ko sau ɗaya kafin nauyin iyali ya hau kansa, amma ya tafi da kuɗin komowa a ɗaure a lalita, ya san ranar dawowarsa. Neman aiki a wata ƙasa kuwa sha'ani ne dabam, wanda ake fara shi daga gida: a koyi sana'a ko harshe, a san wanda za a sauka wurinsa, a san abin da dokar ƙasar ta ce, a samu takarda kafin a ɗaga ƙafa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya haɗa biyun, ya fita da guzurin mako uku yana sa ran aiki zai tare shi a hanya, ranar da kuɗin ya ƙare ya tashi daga matafiyi ya koma abin da duk mai mugun nufi zai iya saya da kwanon abinci.

Game da tantin kansa, a yi mana afuwa in mun yi dariya kaɗan. A yanayin da muke ciki, inda dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari suka zama abin da suka zama, wanda ya kafa tanti shi kaɗai a bayan gari, in ɓarayi ba su same shi ba 'yan banga za su same shi, kuma bayanin cewa yana sha'awar kallon taurari ba zai fisshe shi ba. A ƙasashenmu matafiyi mai hankali gidan mai unguwa yake nema, ko sarkin zango, ko limamin masallaci, ya gabatar da kansa. Wannan ya fi tanti araha, ya fi shi aminci, kuma ta nan ake jin inda ake neman ma'aikaci. Tattaki da hawan dutse kuwa a yi su cikin ƙungiya da ɗan jagora na wurin. Ba mu rasa wuraren ba. Ga duwatsun Shere a Jos, inda cibiyar horon Man O' War take, wadda asalinta aka kafa a gaɓar tekun Kamaru a 1951. Ga tsaunin Mambila, ga Chappal Waddi a gandun Gashaka Gumti mai tsawon mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. Ɗalibai nawa ne a Zariya suka gama digiri ba su taɓa hawa Kufena ba, alhali kullum suna hangensa?

Wata magana kuma ga yayyenmu ƙananan ma'aikata. Mun san albashin ba ya isa, mun san ana shekaru ba ƙarin girma. Amma wanda zai ajiye aikin gwamnati don ya bi wannan hanya, ya fara bincika ko dokokin aiki sun ba shi damar hutun karatu ko hutun da ba albashi, domin kujerar da ya tashi a kai akwai mutum ɗari a bakin ƙofa suna jiranta. 'Yan'uwanmu mata kuma, waɗanda a zancen nan ake yi kamar babu su, su ne dillalan ƙarya suka fi farauta da alkawarin aikin gida a ƙasashen Larabawa. Duk wanda ya ce zai riƙe miki fasfo "don kada ya ɓata", to, ya riga ya gaya miki irin aikin.

Laifin bai tsaya ga samari ba. Waɗancan ƙasashe sun zauna sun yi wa 'ya'yansu yarjejeniya, namu shugabannin kuwa in sun fita waje zancen bashi suke yi. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a a 2018, ana buƙatar ƙasashe 15 su tabbatar da ita kafin ta fara aiki, amma har zuwa 2024 huɗu kacal suka yi, watau Ruwanda da Nijar da Mali da Sao Tome, babu Nijeriya a ciki. Me zai hana a yi tsarin musayar samari tsakaninmu da Gana da Senegal da Kodebuwa, na shekara guda da izinin aiki, yadda tsarin yi wa ƙasa hidima na 1973 yake kai ɗan Sakkwato Kalaba? Wannan abu ne da ƙungiyoyin ɗalibai za su iya matsa wa 'yan majalisa a kai, maimakon tarurrukan karrama masu kuɗi da muka ƙware a kansu.

Ita ma ƙungiyarmu akwai abin da za ta iya tun bana ba tare da ta jira kowa ba. Ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'o'in Afirka ta Yamma sukan zauna fanko a lokacin dogon hutu. Muna kira ga majalisar ɗalibai ta rubuta wa takwarorinta na Legon da Lome da Kwatano, a yi musayar masauki: ɗalibansu ashirin su sauka a ɗakunanmu mako biyu, namu ashirin su sauka a nasu. A ware wani kaso na kuɗin da ake kashewa a bikin makon ɗalibai a ɗauki hayar mota guda. A gayyaci jami'in shige da fice ya zo ya yi bayanin takardun tafiya a babban ɗakin taro, a kuma gayyaci ɗaya daga cikin waɗanda aka dawo da su daga Libiya, in ya yarda, ya zauna kusa da shi. Sa'an nan a buɗe ajin Faransanci na yamma, a nemi masu gyaran wuta da kafintocin sashen ayyuka na jami'a su riƙa koya wa masu so sana'a ranar Asabar, a biya su daga asusun ƙungiya. Majalisar za ta zauna kafin a tafi hutu, kuma muna sa ran ganin wannan batu a cikin ajandarta.